Lambar Sirrin Mamaci

Jan kwaɗon da aka datse rumfar Gazali da shi na ƙungiyar 'yan waya ne, kuma duk wanda ya san bakin titin Kwalkwalawa ya san abin da yake nufi: an kama mai rumfa da kayan sata. Kafin hantsi ya dubi ludayi labari ya gama layin. Masu tuyar awara sun ji, 'yan kabu-kabu sun ji, ɗaliban jami'ar da suka sayi caja a hannunsa jiya-jiya sun koma suna nuna rumfar da baki. Wasu har cewa suke yi daman sun daɗe suna zarginsa. Ƙarya suke yi, babu wanda ya taɓa zarginsa da komai sai yawan gaisuwa.

Ana cikin haka Arzika Mai Sawu ya iso a kan tsohon babur ɗinsa. Mahaifinsa shi ne ya yi suna wajen bin sawun shanun sata a fadamar nan, shi Arzika kuma ya yi aikin ɗan sandan ciki har ya yi ritaya ya zauna a Runjin Sambo. Mutum ne mai ji da kansa, kuma in za a faɗi gaskiya yana da abin jin. Ya tarar da Gazali a tsugune gaban rumfa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Baba Arzika, wallahi ban saci komi ba," in ji Gazali.

"Ban tambaye ka ba. Tashi tsaye. Ɗan Kwalkwalawa ba shi tsugunno gaban rumfatai awa wanda anka yi wa rasuwa. Mi yaf faru?"

Gazali ya miƙe ya yi bayani. Wata kwamfutar hannu ce, irin mai faɗin nan da ake kira tab. A hannun wani ɗalibi ya saye ta, ya goge ta tas, ya sayar wa Malama Lailatu, matar aure a gidan Malam da ke Ƙofar Taramniya. Da ta je gida za ta haɗa ta, ta sa akawun ɗinta, sai tab ta tsaya cak, ta ce sai an ba ta lambar sirrin wata waya daban. Har sunan wayar ta rubuto: wayar Abdulwahabu. Da sassafe wani ɗan gidan mai suna Sirajo ya zo da samari, ya ɗaga tab sama yana nuna wa jama'a, yana cewa ga kayan sata na kiran mai shi.

"Ko taɓa ta ba su bari niy yi ba, Baba."

Ciyaman, shugaban ƙungiyar, wani gajere mai tumbi da ke riƙe da tab ɗin a cikin leda, ya matso ya gaida Arzika. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ƙungiya za ta zauna. In ba a wanke yaron ba kafin nan, za a kore shi daga layin, a miƙa shi ga hukuma, kuma duk inda ake sayar da waya a Sakkwato za a aika da sunansa.

Arzika ya dubi Gazali. Ya san uban yaron, manomin shinkafa ne da bai taɓa shiga bakin mutane ba. Rumfa ana iya kafa wata, amma wanda aka kira ɓarawo a bakin titin garinsu, da sunan za a kai shi kabari. Ran Arzika ya ɓaci ƙwarai, sai dai bai nuna ba. Ya tayar da babur.

Gidan Malam ba ya bukatar kwatance a Ƙofar Taramniya. Marigayi Malam babban masani ne, ya bar littattafai da makaranta da suna mai nauyi. A zauren da ya yi karatu Alhaji Hashim, babban ɗansa, ya karɓi Arzika. Alhaji babban ma'aikacin gwamnati ne, dogo, marar yawan magana. Sirajo ɗansa ne na fari, saurayi mai tsaf-tsaf da ke da wurin koyar da ɗalibai darasin yamma. Aka kira Lailatu, ta zo cikin dogon hijabi ta zauna daga bakin ƙofa. Ita matar Saifullah ce, autan Malam, wanda ke aiki a Abuja, kuma tana koyarwa a makarantar gidan.

Bayan an gama gaisuwa Arzika ya ce, "Alhaji, wane suna tab ɗin ga tak kira?"

Alhaji ya kawar da kai. "Sunan Malam."

"Malama, ke kig gani da idonki. Mi anka rubuta?"

"Sunan Malam na, Baba," in ji Lailatu, kanta a ƙasa.

Arzika bai yi mamaki ba. Ɗa ba ya faɗin sunan uba a irin wannan gida, balle suruka. Ya ce, "Allah shi jiƙan Malam. Ya taɓa riƙon waya irin ta zamani?"

"Malam ya rasu tun waya na da igiya," in ji Alhaji.

Wannan ne ya rikita matan gidan. Lailatu ta ce tun da abin ya faru ba ta samu natsuwa ba. Me ya haɗa na'urar bature da mutumin da ya daɗe a ƙasa, har take neman lambar sirrinsa? Hajiya Kulu, matar marigayi Malam kuma uwar gidan, ta riga ta sa an dama fura an rabar sadaka, wai ko Malam ne ke neman addu'a.

Sirajo ya yi 'yar dariya. "Baba, ka san mata. Suna na yaz zo ɗaya, shi ke nan. Ni na san kan abubuwan ga. In anka sace su, komi gogewad da anka yi musu sai sun nemi mai su. Akwai ma wani tela nan Runjin Sambo mai irin sunan, na ji an ƙwace mai waya kwanan baya. Ka bincika can."

Yaron ya iya magana, kuma ya ba da taimako tun kafin a roƙe shi. Arzika ya yi godiya ya fita.

Telan yana nan kuwa, a wani lungu bayan masu gyaran keke. Sunansa Abdulwahabu, kuma da gaske an ƙwace masa waya. Da Arzika ya tambaye shi irin wayar, sai ya ajiye almakashi ya fara rantsuwa cewa babu irinta a garin nan, caji ɗaya take kai mako, fitilarta kuma ta fi ta babur haske. Ashe 'yar rakani-kashi ce mai madannai, wadda aka ɗaure bayanta da roba. Da aka ce masa tab, ya ɗauka maganin ciwon kai ake nufi. Arzika ya sha ruwan da aka ba shi, ya yi masa jaje, ya tafi yana jin haushin man da ya ƙone.

Daga nan ya nemo Abdulshakur, ɗalibin da ya sayar wa Gazali tab. Ya same shi a ɗakin haya yana ɗaure kaya, don ya gama karatu zai koma garinsu. Wannan ya so ya yi kama da mai gudu, Arzika ya ɗaure fuska ya yi masa tambayoyi irin na da. Yaron bai girgiza ba. Ya ce yayarsa ce ta saya masa sabuwa a kwali tun yana aji ɗaya, ya kira ta a waya a gaban Arzika ta tabbatar, abokan ɗakinsa ma suka ce shekara da shekaru suna kallon ƙwallo a cikinta. A danginsu kaf babu mai wancan suna.

Hanya biyu ke nan sun mutu. Da Arzika ya koma gida matarsa ta ajiye masa tuwo, ya zauna yana kallonsa har ya huce. Ta ce ko gishiri ne bai ji ba, ya ce a'a, sawu ne ya ɓace masa. Sai ya tuna yadda mahaifinsa ke yi idan an kira shi garke. Mutane kan nuna masa sawun baƙo kusa da sabuwar saniya su ce ga ɓarawo ya biyo ta. Tsohon ba ya yarda sai ya tabbatar ko sawun tare da saniyar ya zo, ko kuwa daman yana cikin garken kafin a kawo ta. Arzika ya wanke hannu ya cinye tuwon da sanyinsa.

Washegari ya sami Ciyaman a rumfarsa, ya sa aka kira Gazali.

"Ciyaman, kana da akawun irin wanda a ka sa wa abin ga?"

"Ina da shi mana."

"To a mai da ta baya, ka sa naka mu gani. In mai ita ta ka nema, kai ma za ta tambaye ka."

Ciyaman ya yi ɗan gunaguni, amma wa zai ce wa Arzika a'a? Ya mayar da tab farko, ya sa nasa akawun. Ta buɗe salin-alin, ba ta nemi lambar kowa ba. Aka sake gogewa, Gazali ya sa nasa, nan ma ta buɗe. Gazali ya dafe kai.

"Baba! Ashe ba cikin tab abin yake ba! Akawun ɗin Malama na. In akwai wata waya da ta riga ta shiga akawun ɗinka, duk sabon abin da kas sa, sai ya nemi lambaw waccan don shi tabbata kai na. Wani na cikin akawun ɗinta!"

"Sawun na cikin garke tun kahin a kawo saniya," in ji Arzika, yana gyara hula. Daɗi ya kama shi har kunne.

Ciyaman dai bai cire kwaɗo ba. Ya ce gidan Malam ba gidan ƙarya ba ne, kuma jama'a sun ga suna da idonsu. In Arzika na son a buɗe rumfa, ya kawo mai sunan da ƙafafunsa. Abin da kawai ya yarda da shi shi ne ya ba da aron tab ɗin.

Bayan la'asar Arzika ya koma Ƙofar Taramniya. Alhaji bai dawo daga ofis ba, aka shigar da shi ya gaida Hajiya Kulu, tunda shi ma furfura ta ba shi izinin shiga. Ya same ta a kan tabarma a tsakar gida, ta shanya zogale a faifai. Bakin Hajiya sananne ne a unguwar. A 'yan mintocin da Arzika ya yi a durƙushe ta zagi akuya, ta zagi mai kawo ruwa, ta aika wa wata maƙwabciya da nata kason ta kan katanga. Shi kansa ta tambaye shi ko 'yan sanda sun daina ba tsofaffinsu abinci ne, ya rame haka.

Sai ga Sirajo ya shigo da sauri, ido a kan waya, ya yi fatali da faifan. Zogale ya watse a ƙasa, akuya ta samu biki. Arzika ya gyara zama don ya ji ruwan zagi.

"Kai ɗan…" Hajiya ta fara, sai ta kama bakinta da hannu. Ta yi ajiyar zuciya. "Tahi abinka. Ka ci albarkacin mai suna."

Sirajo ya wuce ko waiwaye bai yi ba. Arzika kuwa ji ya yi kamar an watsa masa ruwan randa. Tsohuwar da ba ta bar akuya ba ta haɗiye zagi saboda suna. Mace irin Hajiya, sunan mutum ɗaya ne zai ɗaure mata harshe haka.

Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ashe angon naki mai suna na?"

"Ai shi anka mai da wa. Malam na da rai anka haihe shi, shi da kainai yay yi mai huɗuba. Sirajon ga uwatai tal laƙa mai, don bakinmu shi huta. Da ba don haka ba, da yau ya ji abin da ba a hwaɗi."

Arzika ya taya ta tsince zogalen, abin da bai taɓa yi wa matarsa ba, sannan ya nemi a kira masa Lailatu zaure.

"Malama, mi as sunan Sirajo na yanka?"

Ta ɗago da mamaki. "Ba Sirajo ba na? Tun da anka kawo ni gidan ga shi ni ka ji."

"Wa yah haɗa miki wayakki?"

Ta ce wayar a cikin lefe ta zo, a makon da ta tare. Maigidanta yana sauri zai koma Abuja, ya ba Sirajo ya buɗe mata akawun ya haɗa komai. Arzika ya tambaye ta ko akwai abin da take ajiyewa a waya wanda ya taɓa fita ba da saninta ba. Nan idonta ya kawo ruwa. Ta ce ita ke tsara tambayoyin jarrabawa a makarantar gidan, kuma takan ɗauki hotonsu kafin ta kai a buga. Zango bayan zango, yaran da ke zuwa darasin Sirajo suna amsawa kamar sun kwana da takardar. Har shugaban makaranta ya taɓa kiranta ya yi mata nasiha a kan amana, ta fito tana kuka ba ta san laifinta ba.

"Duk hoton da kiɗ ɗauka, shina hwaɗawa waccan wayar," in ji Arzika a hankali.

"Duka?" ta ce.

Ya gyaɗa kai. Ta ja hijabi ta rufe fuska. Mace ce da mijinta ke nesa, kuma akwai hotunan da shi kaɗai ya halatta ya gani. Arzika ya ga gawa, ya ga 'yan fashi, amma ya daɗe bai ji fushi irin na wannan yammaci ba. Ya ce mata kada ta gaya wa kowa, ta bar masa sauran.

Ranar Alhamis da yamma zauren Malam ya cika. Alhaji Hashim na kan buzu, Sirajo a gefensa, Ciyaman ya sha babbar riga saboda darajar gidan, Gazali ya rakuɓe kusa da takalma. Lailatu na bakin ƙofar ciki, Hajiya Kulu kuma tana bayanta a kan kujera 'yar tsugunno, wai ita ba ta zo ba, iska take sha.

Arzika ba ya gaggawa a irin wannan wuri, don nan ne yake cin ribar wahalarsa. Ya ba da labarin tela da 'yar wayarsa har Alhaji ya murmusa. Ya ba da na ɗalibi. Ya sa Ciyaman ya faɗa da bakinsa yadda tab ta buɗe masa ba gardama. Sannan ya miƙa wa Lailatu, ta sa akawun ɗinta a gaban kowa, rubutun nan ya sake fitowa.

"Kun gani," in ji shi. "Ba ta neman kowa sai in Malama ta shiga. Wayad da ta ka nema tana cikin akawun ɗin Malama, kuma mamaci ba shi riƙon waya. Saura mu nemi mai rai."

Sirajo ya ce, "Ai sai a koma Runjin Sambo, masu sunan da yawa."

"Na gaji da Runjin Sambo, can ni ka kwana. Sirajo, mi as sunanka na yanka?"

Alhaji ya juyo a hankali ya dubi ɗansa, irin kallon wanda ya taka abu a cikin duhu ya fara gane ko mene ne.

"Kowa ya san sunana," in ji Sirajo.

"Kowa ya san wanda uwarka tas sa ma. Ɗayan ni ka tambaya. Alhaji ba shi iya hwaɗinai, sunan mahaihinai na. Hajiya ba ta iyawa, sunan maigidanta na. Malama ba ta ma san kai ad da shi ba. Duk gidan ga kai ɗai ad da ikon hwaɗin sunan ga, kuma shi ya sa kaz zaci ba mai hwaɗi. To hwaɗa muna."

Gumi ya tsattsafo a goshin saurayin. Ya ce suna ai ba hujja ba ne.

"Gaskiyakka," in ji Arzika, ya tura masa tab. "Ga hujja. Sa lambad da ka ka buɗe wayakka da ita. In ta ƙi, ni Arzika zan durƙusa nan in ba ka haƙuri, in bar bin sawu har in mutu."

Sirajo ya dubi ƙofa, ya dubi ubansa. Alhaji ya ce, "Sa." Kalma ɗaya ce, amma ko Ciyaman sai da ya gyara zama. Sirajo ya danna lambobin. Tab ta ɗan yi juyi, ta buɗe.

Hajiya Kulu ta saki salati daga bayan ƙofa. Sirajo ya fara zuba: wai ranar da ya haɗa wayar ya gwada akawun ɗin a tasa ne ya manta bai fita ba, wai daga baya ne ya ga tambayoyin suna shigowa, shaiɗan ya rinjaye shi. Wai shi bai ma san wayarsa na ɗauke da wancan suna ba, mai shago ne ya kwafa daga katinsa na ɗan ƙasa. Da Lailatu ta kawo masa tab ya duba mata, ya ga sunan, sai tsoro ya kama shi, ya ga babu mafita sai ya ɗora wa wanda ya sayar.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu, Sirajo ya sa masa wayar. Bai dube ta ba, ya ajiye ta gaban Lailatu.

"Ki riƙe. Duk abin da an naki ciki ki goge da hannunki. Ni zan kira Saifullah in gaya mai, ni kuma zan tahi wurin shugaban makaranta. Ki yahe muna, gidan ga ya ci amanakki."

Ciyaman, wanda ba ya son ganin manya cikin kunya, ya yi gyaran murya. Ya ce tunda abu ya zama na cikin gida, shi zai je ya cire kwaɗo da asuba ba tare da kowa ya sani ba, a ce kuskuren na'ura ne, a rufa wa juna asiri. Gazali ya buɗe baki zai ce ya yarda, don talaka ya saba karɓar rabin gaskiyarsa ya yi godiya. Arzika ya daka masa harara.

"Ciyaman, da asuba anka kira shi ɓarawo? Gari ya waye tangaran, gaban masu awara da 'yan kabu-kabu. In ka cire kwaɗo a ɓoye, cewa za su yi ya ba da cin hanci. Alhaji, ban zo in tozarta gidan Malam ba, ni ma na sha karatu bakin zauren ga. Amma yaron ga shi ma ɗan wani na."

Alhaji ya dubi Gazali, ya dubi ɗansa. Daga baya ya ce, "Gobe in an sauko Juma'a, ku jira ni."

Da aka sauko daga masallaci bakin titin Kwalkwalawa ya cika, don an ji za a yanke wa Gazali hukunci, kuma ba a gayyatar mutane kallon faɗuwar wani. Sai ga motar Alhaji Hashim ta tsaya. Ya fito cikin farar riga, Sirajo na biye da shi kamar an tsamo shi daga ruwa. Alhaji ya tsaya gaban rumfar, ya yi sallama, ya ce tab ɗin da Gazali ya sayar halaliya ce, babu sata a cikinta, kuma daga gidansu kuskuren ya fito.

Jama'a suka fara guna-guni. Wannan ai maganar manya ce, an shafa mata mai. Wani ɗan kabu-kabu da ba ya tsoron kowa ya ɗaga murya daga baya.

"Alhaji, mu dai mun ga suna da idonmu! Wa an Abdulwahabun?"

Arzika ya dubi Alhaji. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san mutum irinsa ba ya nuna ɗan fari ya ce nasa ne. Ko a gida sai dai ya ce yaron nan, ko wancan. Alhaji na iya cewa wani ne daga cikin yaran gida, kuma babu wanda zai ƙara tambaya.

Ya juya ya kama hannun Sirajo ya jawo shi gaba.

"Ga shi. Ɗana na, na hwari. Sunan mahaihina garai. Shi yay yi laihin, shi kuma yaz zo nan yay yi wa bawan Allah ƙazahi. Ni nih haihe shi, don haka ni ka ba Gazali haƙuri, da ubanai, da ku duka."

Wata tsohuwa mai awara ta sa gefen zane ta share ido. Alhaji ya karɓi mabuɗi daga hannun Ciyaman, ya sunkuya da farar rigarsa ya buɗe jan kwaɗon da kansa. Arzika ya ji ƙirjinsa ya cika. Ya yi alfahari da aikinsa, wannan ba sabon abu ba ne, amma yau har da garin da ke haifar irin wannan dattijo.

Gazali na tsaye yana hawaye, ya rasa wanda zai fara yi wa godiya. Sai mutane suka dare, wani tsoho ya ratso su, ƙafafunsa duk taɓon fadama. Mahaifin Gazali ne. Tun ranar da aka sa kwaɗon yake fita gona kafin gari ya waye, ba ya dawowa sai duhu ya rufa, don kada ya haɗa ido da kowa. Bai yi wa Alhaji magana ba, bai yi wa Arzika ba. Ya shiga rumfar, ya jawo bencin ɗansa zuwa bakin titi, ya zauna a kai ya miƙe ƙafa, yana amsa gaisuwar duk wanda ya wuce.